Basarke Mai Rai Uku

Shekaranjiya cajar wayar ɗana ta ƙone a jikin bango, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba, irin ƙaurin nan da ke maƙalewa a maƙogwaro ya ƙi sauka. Uwarsa na ta faɗa a kan cajar banza da ake sayarwa a bakin titi, ni kuwa na tsaya riƙe da labule. Na san ƙaurin nan tun ina firamare. Haka adaftar gem ɗinmu take yi idan ta ɗauki zafi, a ɗakin da ke jikin zauren gidanmu na unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Bari in ba ka labarin, amma ka sani tun yanzu, ba na dariya ba ne.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha ba. Birnin Kebbi ta cika da baƙi, ma'aikata sun kwaso iyalansu daga Sakkwato, duk inda ka juya gini ake yi, takardun buhun siminti har cikin kwata. Cikin waɗanda suka dawo gida akwai ƙanen mahaifinmu, muna ce masa Baba Ƙarami, bai yi aure ba a lokacin. Ya zo da katifa, da fanka, da ɗan ƙaramin talabijin, da wata na'ura ruwan toka da ake cusa wa kaset ta sama. Ya ce sunanta gem. Kaset ɗaya tal ke aiki, shi ma sai an hura masa iska an bubbuga shi a cinya kafin ya ga dama ya kawo hoto. Abin riƙewa mai maɓallai kuwa hannu muke ce masa.

Abin da ke ciki ba wani abin a-zo-a-gani ba ne idan ka gwada da na yanzu. Wani ɗan mutum ne da bai kai tsawon yatsa ba, yana gudu daga hagu zuwa dama, ya tsallake rami, ya kauce wa abin da ke gangarowa, ya faɗa ruwa ya yi ninƙaya ya fito. Rubutun da ke fitowa na wata ƙasa ne, har Baba Ƙarami da dukan bokonsa bai iya karanta shi ba. Don haka ba wanda ya san sunan mutumin, ko inda za shi, ko abin da ya koro shi. Yayana ne ya raɗa masa suna Basarke, wai duk mai shiga ruwa haka ba tsoro jinin masunta ne. Ya ce Argungu za shi wurin uwarsa. Wurin da ke da ciyawa da ruwa ya zama fadamar Zauro, dunƙulallun abubuwan da ke gangarowa suka zama albasar Augie. Mu kuwa muka hau muka zauna, har faɗa muke yi da yaran maƙwabta idan suka ce ba albasa ba ce.

Dole in tsaya in gaya maka ko wane ne yayan nan nawa. Da amosanin jini aka haife shi, abin da yanzu kowa ke kira sikila. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma na kere shi tsawo tun ban gama firamare ba. Siriri ne, idanunsa da ɗan rawaya, ga baki, ga wayo. An hana shi ƙwallo, an hana shi wasan ruwan sama, an hana shi bin mu Zauro korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Idan ciwon ya tashi, sai ka ji shi yana cizon matashi don kada Inna, mahaifiyarmu, ta ji nishinsa. Kafin shi Inna ta binne biyu da irin ciwon. Ba a zancensu a gidan, amma ko yaro ya ga irin kallon da take yi wa yayana idan hadari ya haɗu, ya san akwai abin da ta taɓa gani.

To, a gaban talabijin ɗin nan kuwa, sarki ne. Yatsunsa dogaye ne sirara, ba ka ma ganin lokacin da suke motsi. Yaran unguwa masu ƙarfi, waɗanda ke ture shi a layi, su ne ke durƙuso a bakin taga suna roƙon ya nuna musu yadda ake wuce albasa. A kusurwar sama akwai 'yan kawuna uku, su ne ran Basarke. Duk faɗuwa ɗaya, kai ɗaya ya ɓace. Mu kuma da bakin yara sai mu ce na mutu, saura rai biyu. Gem ɗin ba ya tuna inda ka tsaya. In rai ya ƙare, ko aka ɗauke wuta, sai ka koma farko kamar ba ka taɓa yin komai ba. Wata rana ina zaune kusa da shi ya ce mini, ba tare da ya ɗauke ido daga hoton ba:

"Nan kaɗai nika faɗuwa in tashi ba a kai ni asibiti ba."

Shi ya sa har gobe raina ke ɓaci idan na ji babba ya buɗe baki ya ce gem ɓata lokaci ne, ya yi shiru kamar ya gama magana. Haba malam, lokacin wa? Ga yaro mai lafiya da ya bar aiken uwarsa ya zauna, na yarda, a ja kunnensa. Amma akwai wanda duk duniya nan ne kaɗai aka bar shi ya yi gudu.

Can ƙarshe akwai wani kogi mai baƙin ruwa, a hayinsa akwai ƙofa. Yayana kaɗai ya taɓa kaiwa wurin. Ran nan ya haye kogin, ƙofar ta fara buɗewa, sai ɗif, aka ɗauke wuta. Wallahi ban taɓa ganin ɓacin ransa irin na ranar ba. Daga nan ba shi da wani zance sai ƙofar nan. Yana so ya ga abin da ke bayanta, ko Basarke ya isa wurin uwarsa ko bai isa ba. Kai za ka ce shirme ne, amma shi wannan ne burinsa, kuma duk gidan mun san da haka.

Saura in gaya maka zancen kakanmu, mai gidan. Malam muke ce masa, mu da 'ya'yansa da ɗalibansa duka. Bayan la'asar yakan zauna a zaure yana biya wa magidanta manyan littattafai, da damina kuma rabin ransa na gonar shinkafa. Ba mai zafi ba ne. Da wasa yake da jikoki, autarmu ma, ƙaramar ƙanwarmu da ba ta isa shiga makaranta ba, amarya yake ce mata, ta riƙa jan gemunsa tana neman kuɗin cefane. Bai taɓa hana kallon talabijin ba, ya dai ce wutar lantarki fitilar marasa haƙuri ce, shi fitilar ƙwai ta ishe shi.

Cikin bazara ne abin ya faru, zafin nan na Kabi da ke sa mutum ya ƙi jinin rigarsa. Mun buɗe taga, ba mu tuna tagar tana kallon zaure ba. Basarke ya zame a bakin baƙin kogi, yayana ya buga cinya ya ɗaga murya ya ce ya mutu, saura rai ɗaya. Sai muka ji karatu ya tsaya cak. Malam bai taɓa shiga ɗakin nan ba, amma ranar sai ga shi a tsaye a kanmu, ko takalmi bai saka ba.

"Wa yac ce ya mutu cikin gidan ga?"

Yayana ya fara bayani, wai ba shi ba ne, mutumin cikin hoto ne, kuma rai uku gare shi. Malam ya dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Rai uku? Wa yab ba ka rai uku? Duk ɗiyan gidan ga, kai za ka zamna kana kiran mutuwa da bakinka? Baki shi ka yanka wuya."

Ya sunkuya ya fizge adaftar daga bango. Ta yi zafi sosai, na ga yatsunsa sun motsa, amma bai sake ta ba. Ya tattara na'urar da kaset da hannu, ya kai cikin adakar littattafansa ya kulle. Baba Ƙarami ya dawo daga ofis ya je ba da baki, aka ce masa ya je ya yi aure ya daina tara yara. Inna ba ta ce komai ba, kuma daga shirunta na gane tana bayan Malam. A lokacin na ji haushin tsohon nan har wuya. Sai da na girma aka gaya mini shi da hannunsa ya yi wa waɗancan biyun wanka ya sa su a likkafani.

Yayana bai yi kuka ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki, sannan wata safiya ya aike ni in tsinto masa takardun buhun siminti a inda ake gini. Ya farke su, ya karkaɗe, ya liƙa su da ƙaro suka yi tsawo kamar tabarma. Da gawayi da jan biron Baba Ƙarami ya zana gem ɗin kaf, rami bayan rami, fadamar Zauro, albasar Augie, har baƙin kogi. Ya ƙara abin da babu a ciki ma, ya sa wa Basarke gora da homa irin ta masunta, ya zana kada a inda ya ga dama. Ƙwallon dabino ne Basarke, mu ne masu tura shi, shi kuma shi ne na'ura, da bakinsa yake yin kiɗan gem ɗin, shi ke yanke hukuncin wanda ya faɗa. Kalmar nan dai bai sake furta ta ba, sai ya ce wane ya koma. Bayan ƙofar kuwa ya zana abu ya fi a ƙirga. Ya zana kasuwar kifi, ya zana wata mata da akushin tuwon shinkafa, ya zana fili fetal ba kowa. Kowanne in ya gama sai ya dube shi ya ce ba haka ba ne, ya juya takardar.

Yau ina ganin yara a waya suna zana mutanen cikin gem, suna ƙirƙira musu labari, suna musu a kan wa ya fi wa. Abokaina kan yi tsaki su ce aikin banza. Ni ba na yi musu dariya, don na san inda irin wannan zanen ke fitowa.

A gem ɗin takarda, ni rai uku yake ba ni, ba ragi ba ƙari, ko zan yi birgima. Amma auta in ta faɗa rami sai ta buɗe baki da kuka, shi kuma ba ya son kukanta. Sai ya ɗauki gawayi ya zana wani ɗan kai a gefe ya ce, ungo, na ƙara miki rai. Abin ya zame mata jiki. Har takardarta daban ya yanka mata, cike da 'yan kawuna baƙaƙe, tana ninke ta tana cusawa a cikin ɗan kwanonta na wasa, duk inda za ta da ita take zuwa.

Damina ta yi nisa, aka shiga kwanakin nan da ruwa ke wuni yana zuba, sanyi ya shiga ɗakuna. Ciwon ya tashi, tashin da bai taɓa yi ba. Inna ta ɗauke shi sai Argungu, garinsu, inda wanta, kawunmu, yake aikin jinya. Auta ta bi ta. Bayan 'yan kwanaki wani direba ya kawo saƙo cewa an ƙara masa jini amma jikin sai a hankali, hannuwa ma sun kumbura. Malam ya saurari saƙon har ƙarshe. Da gari ya waye na ga ya buɗe adaka, ya ciro na'urar, ya naɗe ta a cikin tsohon rawaninsa, ya miƙo mini ya ce in sa takalmi. Muka shiga motar Argungu. Ruwa ya cika fadama har bakin hanya, shinkafa ta nutse sai kawunanta, shi da ba ya wuce gona bai yi sharhi ba, ranar ko kallonta bai yi ba.

Mun same shi a gidan kawu, kwance, an rataya ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa. Ya rame har na ji tsoron kallonsa. Malam ya zauna a gefensa ya warware rawanin a hankali. Da yayana ya ga abin da ke ciki, sai ya yi murmushi da busasshen leɓe.

"Malam, ka yafe ma Basarke?"

"Tashi ka ga ƙofar taka," in ji Malam. "Amma ban da kalmar nan."

Aka aro talabijin a maƙwabta, na haɗa komai yadda na saba, na kunna. Babu wuta. Iskar da aka yi ta kayar da turaku, unguwar ta kwana biyu a duhu. Akwai wani ɗan kasuwa mai janareto, kawu ya je, aka ce masa ko ɗigon mai babu, lokacin ana wahalar fetur. Sai jira. Allah Sarki, tsohon da ke ce wa lantarki fitilar marasa haƙuri, shi ne ya koma zama a zauren kawu a ƙarƙashin ƙwan fitila, carbi a hannu, ido a sama. Duk wanda ya shigo, kafin a gama gaisawa sai ya tambaye shi ko an ji labarin masu wuta. Yayana kuwa ya sa na ɗora masa hannun gem a ƙirji. Da kumburarrun yatsunsa yake taɓa maɓallan, yana kallon baƙin gilashi, yana gaya mini a hankali inda ya kai. Ya ce in an kawo wuta ni zan danna, shi zai riƙa gaya mini lokacin tsalle. Na ce to.

Da hantsi ne, rana ta ɗan leƙo bayan ruwa. Ina zaure tare da Malam, auta na zaune a kan ƙafarsa tana wasa da carbinsa. Muka ji salatin Inna daga ciki. Kawu ya fito ya durƙusa, ya cire hularsa ya mayar.

"Malam, sai haƙuri. Rai ya yi halinai."

Malam ya yi salati, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Auta ta ɗaga kai ta dubi kawu, ta dubi Malam.

"Wane rai? Ai uku gare shi."

Sai ta sauka ta ruga ciki, ta ratsa ta tsakanin mata masu kuka, ta dawo da takardar nan tata ta buhun siminti, ta warware ta a kan cinyar Malam, 'yan kawunan gawayi duk sun dusashe saboda ninki.

"Malam, a ba shi cikin nawa. Da yawa gare ni."

Ban taɓa ganin hawayen tsohon nan ba sai ranar. Bai yi sauti ba, gemunsa dai na ga ya jiƙe. Ya dafa kanta ya ce:

"Amarya, shi wanga ɗaya na. Ɗaya anka ba kowa."

Ya karɓi takardar, ya ninke ta yadda take, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Ita kuwa ta koma ta zauna, a ganinta an karɓa za a kai masa.

Kafin azahar an kai shi. Bayan la'asar muna zaune a kan tabarmi, mutane na shigowa gaisuwa, sai ƙwan fitilar zaure ya kama. Nan take yaran unguwa suka ɗauki ihun nan da kowa ya sani, sun kawo, sun kawo, daga wannan lungu zuwa wancan. Ba laifinsu ba ne, haka suka saba. Amma ba wanda ya tuna an bar talabijin da na'urar a kunne tun ranar da muka zo. Kaset ɗin da sai an hura an bubbuga, ranar da kansa ya kawo. Daga ɗakin da aka fitar da yayana, sai ga kiɗan farkon gem yana tashi, ɗan siririn kiɗan nan mai fara'a. Na ji kukan Inna ya sake tsinkewa. Kawu ya miƙe zai kashe, Malam ya ɗaga masa hannu. Na leƙa ɗakin. Basarke na tsaye a farkon hanya, kawunansa uku cif a kusurwa, yana jiran a danna. Sai da kiɗan ya zagayo, sannan Malam ya yi mini alama na kashe.

Bayan mun koma Birnin Kebbi an share makoki, wata rana da aka kawo wuta Malam ya sallami ɗalibansa da wuri, ya kira ni ɗakin Baba Ƙarami. Ya shimfiɗa buzunsa a gaban talabijin ya ce in kai mutumin nan ƙofar mu gani. Haka muka riƙa yi duk ranar da aka samu wuta. Ni ba gwani ba ne, albasa kawai ta ishe ni, baƙin kogin ma da ƙyar nake ganin bakinsa. Idan na faɗa sai in yi shiru, don ba ni da kalmar da zan faɗa a gabansa. Idonsa ba ya ganin ƙananan kawunan, sai ya ɗan matso ya ce, "Saura nawa?" In gaya masa. In sun ƙare ya ce in sake. Haka har ranar da adaftar ta yi ƙara ta ƙone, ɗakin ya cika da ƙaurin nan. An nemi irinta a kasuwa ba a samu ba. Malam ya rasu bayan 'yan shekaru, bai ga bayan ƙofar ba, ni ma ban gani ba.

Auta yanzu uwar 'ya'ya ce a Argungu. Ba ta tuna zancen takardar, ni kuma ban taɓa tuna mata ba.

Gem ɗin yanzu ba na jin daɗinsu, in gaya maka gaskiya. Hoto kamar ka taɓa, amma ba su da kunya. Ka faɗi sau ɗari, ka kalli talla, a tashe ka a inda ka faɗi. A ɗauke wuta a kawo, yana nan yana jiranka. Ɗana ya ce in na kwatanta masa namu, kafin in sha ruwa zai nemo mini ƙarshensa a waya in kalla. Na ce ya bar shi. Wanda ya wahala a kan ƙofar nan bai gani ba, ba ni zan gan ta a kwance ina danna waya ba.

Jiya da yamma an sayo sabuwar caja, yaron na kishingiɗe yana danne-dannensa, sai na ji ya yi tsaki ya ce, kash, na mutu. Na buɗe baki zan yi masa faɗa irin na Malam, amma abin da ya fito daban ne.

"Saura nawa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Baba, ai wannan ba ya ƙarewa."

Na ce masa to madalla. Na ɗauki buta na fita ƙofar gida, na zauna a kan dakali har aka kira magariba.